Aikin Dare, Ranar Girki da Yara: Ajiye Aiki Ne Maganin Damuwa?

Gwaggon_Yara:
Salamu alaikum 'yan zaure. Ga wata magana ina son masu sani su warware mana. Matar aure ce tana aikin karɓa-karɓa, a ce nas ko ungozoma: wani makon safe, wani makon yamma, wani makon ta kwana a asibiti. Tana da yara ƙanana, tana da abokiyar zama, ranar girkinta kan faɗo a daren da take bakin aiki. A kwana a tashi sai barci ya gagare ta, abu kaɗan ta hau faɗa, ga ciwon kai, ga mantuwa. Dangi bakinsu ɗaya: ta ajiye aikin, taura biyu ba ta taunuwa. To ajiye aikin yana warkar da wannan kuwa? Kuma yaushe ne za a ce abin ya wuce gajiya ya zama ciwo? Ba mata kaɗai nake nufi ba, a sa maza a ciki.

Ɗan_Kwari:
Wa alaikumus salam. Hajiya ai amsar a fili take. In aiki ne ya kawo, a cire aikin, magana ta ƙare.

Likitan_Ƙwaƙwalwa:
Alhaji, da ma a ce da sauƙi haka take. Kafin a ce a cire aiki, sai an gano ta ina yake shiga gidan. Tun 1985 wasu masu bincike biyu, Greenhaus da Beutell, suka raba abin gida uku, kuma rabon yana da amfani har yau. Akwai na lokaci: awa ɗaya ce, asibiti na nemanta, yaro na nemanta. Akwai na gajiya: ta dawo gida a kan kari, amma an riga an tatse ta, jikinta ne kawai ya shigo. Akwai na hali: wanda ya wuni yana ba da umarni a ofis ko a bariki ya dawo yana yi wa iyali magana da wannan muryar. Sannan hanyar ba ɗaya ba ce. Kamar yadda aiki ke shiga gida, haka gida ke bin mutum wurin aiki: yaro ya kwana da zazzaɓi, uwar tana lissafin maganin majinyaci rabin hankalinta na gida.

Ajiye aiki yana kashe na lokaci nan take. Amma idan asalin nauyin daga gida yake, aikin ne ma wurin da take samun numfashi, to an raba ta da albashi da abokan hira an bar ta da matsalar. Idan kuma ciwon damuwa ya riga ya kama, takardar ajiye aiki ba ta warkar da shi. Shi ya sa ba ma son mutum ya yanke babban hukunci yana tsakiyar ciwon, domin ciwon kansa yana sa komai ya zama baƙi. A fara da hutun rashin lafiya da magani, hukunci ya zo daga baya.

Gwaggon_Yara:
Likita, saura rabin tambayar. Ta yaya za a bambance?

Likitan_Ƙwaƙwalwa:
Gajiya ta yau da kullum tana tafiya bayan barcin dare biyu ko uku. Gajiyar aiki mai tsanani kuwa ba ta tafiya da wannan: ƙarfi ya ƙare, mutum ya ji ya tsani aikin da mutanen da yake yi wa hidima, kuma ya ga kamar ba ya iya komai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fayyace ta a 2019, amma ta ce matsala ce ta wurin aiki, ba ta lissafa ta cikin cututtuka ba. Alamarta ita ce mutum kan ɗan dawo hayyacinsa idan ya yi nisa da aikin.

Ciwon damuwa shi ba ruwansa da hutu, yana bin mutum har gidan biki. Abin da muke dubawa: baƙin ciki ko rashin jin daɗin komai kusan kullum, na aƙalla mako biyu, tare da sauyin barci (musamman farkawa tun kafin asuba a kasa komawa), sauyin cin abinci, kasala, rashin tattara hankali, ganin laifin kai, da tunanin gara mutuwa. Akwai takardar tambayoyi tara da ake kira PHQ-9, kowace tambaya maki 0 zuwa 3, jimilla 27. Daga 10 zuwa sama a ga likita. Tunanin cutar da kai kuwa ba a jira maki, ranar za a je asibiti, kuma kada a bar mutum shi kaɗai.

MaiJinya_Barnawa:
Ni ta wajen jadawalin aiki zan shigo, domin nan ne rabin ɓarnar take. Ba aikin dare kaɗai ke kayar da mutum ba, yadda aka jera shi ne.

Juyin da jiki ya fi ɗauka shi ne safe, sai yamma, sai dare, sai hutu. Wanda ya fi wahalarwa shi ne a tashi aikin yamma ƙarfe tara na dare a ce a dawo bakwai na safe. A cire tafiya da wanka da sallamar yara, barcin bai kai awa biyar ba. Abin da ake so shi ne aƙalla awa 11 tsakanin tashi da komawa. A asibitoci da dama ana jera dare bakwai a ba da hutu a bayansa. Wasu suna sonsa saboda dogon hutun, amma bashin barci yana taruwa, kuma dararen ƙarshe ne kuskuren magani ya fi saurin faruwa.

A gida kuma: ranar da za a fara aikin dare a yi barcin awa ɗaya da rabi bayan azahar. Da an sauko da safe a ci abu mara nauyi a kwanta, kada a ce bari a fara wanki. Ɗaki ya yi duhu da labule mai kauri, waya a kashe mata ƙara, a sami awa huɗu zuwa biyar a jere, a ƙara wani bayan la'asar. Babba yana buƙatar awa bakwai zuwa tara a yini. Inda abin ke lalacewa shi ne mutanen gida suna ganin barcin rana lalaci ne, sai a tashe ta don baƙo ya zo gaisuwa ko mai ruwa na jiran kuɗinsa. Dole a sami babba ɗaya da zai tsare ƙofar nan.

Shayi_Ruwa:
Anti, to goro da Nescafe fa? Ba su ake riƙe dare da su ba?

MaiJinya_Barnawa:
A farkon dare ba laifi. Sinadarin da ke hana barci a cikinsu yana ɗaukar kamar awa biyar kafin rabinsa ya bar jiki. Wadda ta sha ƙarfe huɗu na asuba, ƙarfe tara tana kan gado ido biyu. A tsaya da shi wajen ɗaya na dare. Lemon gwangwani na ƙara kuzari ma duk tafiyarsu ɗaya.

Mai_Kemis:
Tunda an zo nan, ga abin da ke biyo baya. Barci ya ƙi, sai a nemi diazepam. Yana aiki a makon farko, jiki ya saba, a ninka, ranar da aka daina rashin barcin da fargabar su dawo fiye da da. Ba a son a wuce mako biyu zuwa huɗu a kansa, shi ma da takardar likita. Da safe kuma a nemi tiramol don a iya tashi aiki. Wannan zagayen ne ke kai ma'aikata nagari ga shaye-shaye ba su ankara ba, kuma ma'aikatan lafiya sun fi shiga haɗari don maganin na kusa da hannunsu. Ko farasitamol, wanda yake shan sa kwana 15 ko fiye a wata saboda ciwon kai, maganin kansa yana iya zama mai kawo ciwon kan.

Maganin ciwon damuwa na gaskiya daban ne. Yakan ɗauki mako biyu zuwa huɗu kafin a fara jin sauƙi, wani har shida, kuma ana ci gaba da sha aƙalla wata shida bayan an warke. Da yawa daga cikin waɗanda ke cewa bai yi musu ba, tun kafin ya fara aiki suka ajiye.

Uwar_Biyu:
Duk kun tsallake maganar girki, alhali ita ce ke hana mata barci fiye da goro. Jadawalin asibiti na wata ne, rabon kwana kuma bibbiyu ne ko ɗaiɗai, ba za su taɓa daidaita da kansu ba. Gyaran shi ne ranar da jadawali ya fito, maigida ya zauna da kalanda ya ga dararen da suka ci karo, a yi musaya tun kafin lokacin. Shi zai kai maganar ga abokiyar zama, ba ita ba. In ita ta je, ya zama roƙon alfarma, kuma alfarma tana da ranar gori. A bambance kwana da tukunya kuma: abinci ana iya dafa miya mai yawa a raba a firij, ko a biya mai taya aiki, amma kwanan da ya wuce ba a rama ba shi ke taruwa ya zama gaba.

Ustazu_Fagge:
Malama ta yi daidai. Kwana haƙƙin matar ne, tana iya kyautar da shi ko a yi musaya da yardar masu haƙƙi. Nana Sauda ta bar wa Nana A'isha kwananta, Allah ya ƙara musu yarda. Malaman fiƙihu ma sun yi maganar mijin da sana'arsa ta dare ce, kamar mai gadi, suka ce rabonsa da rana yake. Ke nan shari'a ta san akwai aikin dare. Kuma da aka tambayi Nana A'isha me Annabi (SAW) yake yi a gida, cewa ta yi yana cikin hidimar iyalinsa. Mijin da ya yarda matarsa ta yi aiki, albashin yana shiga cefane, amma ba zai iya shirya yaro makaranta ranar da ta kwana a asibiti ba, ya sake duba lamarinsa.

Ɗan_Kwari:
Allah ya gafarta Malam, yau kuma mu aka juyo.

Lauyan_Unguwa:
Bari in sa doka a faifai, don da yawa suna ajiye aiki ba su karɓi abin da yake nasu ba. Dokar Ƙwadago ta Najeriya, sashe na 54: hutun haihuwa mako 12, shida kafin haihuwa shida bayanta, da aƙalla rabin albashi ga wadda ta yi wata shida tana aikin, sannan mai shayarwa tana da rabin awa sau biyu a rana. Hutun rashin lafiya da albashi har kwana 12 na aiki a shekara idan likita ya tabbatar. Hutun shekara aƙalla kwana shida na aiki bayan wata 12. Da hutun yini guda a kowane mako.

Tsohon_Akawu:
Barista, da gyara kaɗan. Ma'anar ma'aikaci a wannan dokar ta cire masu aikin gudanarwa da na ƙwararru, don haka nas ko ma'aikacin banki ba lallai ta shafe su ba. Su takardar ɗaukar aiki da ƙa'idojin aikin gwamnati za su duba. A gwamnatin tarayya hutun haihuwa bai gaza mako 16 ba da cikakken albashi, kuma a 2021 aka amince wa maza da kwana 14 na aiki idan an yi musu haihuwa. Jihar Kaduna ta kai na mata wata shida a 2019, kamar yadda Legas ta yi tun 2014. A ƙarshen 2021 Kadunan ta koma aikin kwana huɗu a mako, sai dai asibiti ba ya rufewa ranar Juma'a, don haka ko a Kaduna take, wadda Hajiya ke magana a kanta ba ta ci moriyarsa kamar ma'aikatan sakatariya ba.

Lauyan_Unguwa:
Na karɓi gyara, ranka ya daɗe. Abin da zan ƙara: duk buƙata a rubuta ta. Takarda mai kwanan wata, a haɗa da ta likita, a faɗi abin da ake nema ƙarara (a cire ni daga aikin dare na wata uku, misali), a ajiye kwafin da aka buga wa hatimin karɓa. Maganar baki a baranda ba hujja ba ce gaban ƙungiyar ma'aikata, balle Kotun Ma'aikata.

Ɗan_Maraɗi:
A nan Nijar mako 14 ne hutun haihuwa, daidai da mafi ƙarancin da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta sa. Amma ko nan ko can, mai sayar da abinci a tasha da mai aiki a gidan wani ba su san wannan hutun ba.

Ungozoma_Zariya:
Lissafin da ke jefa masu jego cikin damuwa ke nan: ana ce mata nono zalla wata shida, hutu kuma ya ƙare jariri bai cika wata uku ba. Sai ta koma aiki tana jin ta ci amanar ɗanta. Abin yi, a fara koyon tatsa mako biyu kafin komawa, jariri ya saba karɓa a kofi daga hannun mai raino. A wurin aiki a tatsa duk awa uku zuwa huɗu, in ba haka ba nono ya cika ya yi ciwo, daga baya ya ragu. Wanda aka tatsa yana kai awa huɗu a ɗaki mai sanyi (a zafin bazara kada a kai haka), awa 24 a kula mai ƙanƙara, kwana huɗu a firij idan wuta ba ta yanke ba. A ɗumama shi cikin ruwan ɗumi, ba a kan wuta ba.

A kula da wannan kuma: kuka da sauyin rai a kwanakin farko bayan haihuwa abu ne da aka saba, yana wucewa cikin mako biyu. In ya zarce, ko uwa ta daina sha'awar jaririn, ciwon damuwa ne na bayan haihuwa, kuma a ƙasashe masu tasowa kusan mace ɗaya cikin biyar tana gamuwa da irin wannan. Sau da yawa ba a gani sai bayan arba'in, an dawo daga wankan gida, masu taimako sun watse, aiki ya kira. Wadda ta fara surutai ko ta daina barci gaba ɗaya kuwa, wannan gaggawa ce.

Baban_Khalifa:
Hajiya ta ce a sa maza, amma har yanzu muna ɗakin haihuwa. Namiji ba ya cewa ina cikin damuwa. Nasa yana fitowa a tsawa, ko shiru, ko daɗewa a majalisa har yara su yi barci, ko hawan jini. Ku dubi mai zama a Mararaba yana aiki a cikin Abuja: ya fita bayan asuba don gudun cunkoso, ya dawo bayan isha. Ko wanda aka yi wa canjin wurin aiki, iyali na Kano shi yana wata jiha, sai ƙarshen mako, ya iso da gajiya ya tarar da ƙorafin kwana biyar. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya da Ƙungiyar Ƙwadago na 2021 ya nuna masu aikin awa 55 ko fiye a mako haɗarin shanyewar ɓarin jiki ya ƙaru musu da kashi 35 cikin 100, na mutuwa da ciwon zuciya da kashi 17, idan aka gwada da masu awa 35 zuwa 40.

Sai wayar hannu. Zauren WhatsApp na ofis ya sa ba a tashi daga aiki. Faransa ta yi doka a 2017 da ta tilasta wa kamfanoni masu ma'aikata 50 zuwa sama su tsara lokacin da ma'aikaci zai kashe waya. Mu nan sai dabara: a raba layin aiki da na gida, a yi yarjejeniya da oga cewa abin gaggawa kira ne ba saƙo ba, saƙo kuma sai safe. In mutum ɗaya ya yi, za a ce ya raina oga. In sashe guda suka nema tare, ya zama tsari.

Ɗan_Kwari:
To mu 'yan kasuwa da ba mu da oga ba mu da hutun shekara fa? In ka rufe shago, maƙwabcinka ya ɗauke maka kwastoma.

Tsohon_Akawu:
Alhaji, littafin ciniki zai ba ka amsa. A rubuta cinikin kowace awa na wata guda, a ga abin da awar ƙarshe ke kawowa, a gwada da abin da take ci. In yaron shago zai iya riƙe ta, a bar masa da lissafi a rubuce. Matsalar mai shago ba rashin izini ba ce, rashin yarda da kowa ne.

Hajiyar_Gusau:
Ni dai kada a manta da addu'a. Wani abin ba na asibiti ba ne.

Likitan_Ƙwaƙwalwa:
Hajiya, ba wanda ya hana addu'a da ruƙiya, a haɗa su da asibiti. Abin da ke cutarwa shi ne a shekara ana zagaye kafin a zo. Kuma zuwa asibiti ba yana nufin an ce mutum ya haukace ba. Da farko ma jiki ake dubawa: awon jini don ƙarancin jini, sukari, hawan jini, da sinadarin maƙoƙo, domin dukansu suna kawo kasala ko faɗuwar gaba mai kama da damuwa. Ana iya farawa daga babban asibiti mafi kusa. Na ƙwararru akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa ta Kaduna, da Kware ta Sakkwato, da Maiduguri, ga na Dawanau a Kano, ga sassan ƙwaƙwalwa a asibitocin koyarwa. Ba kowa ake ba ƙwaya ba, mai sauƙi zaman tattaunawa da ƙwararre yana isar masa, kuma yana da kyau miji ko mata su zo zama ɗaya. A Janairun 2023 aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin ta 1958, kuma ta tanadi kare sirrin majinyaci da hana nuna masa bambanci.

Gwaggon_Yara:
Na gode ƙwarai. Amma in dangi suka zauna gobe, me za a ce musu, ta ajiye ko kada ta ajiye?

MaiJinya_Barnawa:
Tsakanin ci gaba da ajiyewa akwai matakai. A nemi sauyi zuwa sashen da ba a kwana, kamar awon ciki, rigakafi ko sashen marasa lafiya na waje. In bai samu ba, a haɗa hutun shekara da na rashin lafiya. In bai isa ba, a nemi hutu ba albashi, wanda ba ya raba ta da gurbinta da shekarun fanshon da ta riga ta tara. A ba kowane mataki kamar wata uku, a sake cika takardar da Likita ya ambata a ga ko maki ya sauka.

Uwar_Biyu:
Anti, wannan a aikin gwamnati ne. A ƙaramin asibitin kuɗi mai nas huɗu, wa zai ba ki sashen da ba a kwana? Akwai inda ajiyewa ce daidai: a cire kuɗin mota, na mai raino, na abincin waje da na magani daga albashi, in abin da ya rage bai taka kara ya karya ba, kuma ba mai tsare mata barcin rana, to ta fita ta nemi wani. Sharaɗi dai ita ta yanke, ba taron dangi ba, kuma ta ci gaba da sabunta lasisinta.

Ɗan_Kwari:
Kun ga an dawo maganata.

Baban_Khalifa:
Ba a dawo ba, Alhaji. Kai ka ce a cire aiki tun kafin a duba gidan. In ta ajiye, wa zai cike giɓin kuɗin makaranta? Mijin zai ƙara awa ne a nasa aikin, sai mu sake buɗe wannan zauren a kansa.

Ungozoma_Zariya:
Hajiya Gwaggo, kafin zaman dangin a tambaye ta abu biyu ita kaɗai, ba a gaban miji ko uwar miji ba: awa nawa take barci a yini, kuma a ranakun hutunta tana jin sauƙi ko duk ɗaya ne. Ki dawo mana da amsar. Ƙaramin yaron kuma wata nawa ne?